Gwangwani Biyu na Malam Tambari

"Riƙe mani ƙafat tsakiya, Illo. Hannun nan ya ƙiya."

Illo tela ya bar keken ɗinkinsa ya shiga rumfar maƙwabcinsa, Malam Tambari mai gyaran rediyo a Ƙofar Kware. Tsohon ya ɗora wayoyin mita a ƙafafun tiransista, wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku da bai fi ƙwayar wake ba. Allurar mitar ta motsa. Ya juya wayoyin, ta tsaya cik.

"Wanga na da rai," ya ce, ya jefa shi a gwangwanin madara. Matattu kuwa gwangwanin tumatir suke zuwa, don yana amfani da ƙafafunsu wajen haɗi. Shekara arba'in bai taɓa gauraya su ba.

Rikodar da ke buɗe gabansa ta Illo ce. Kaset ɗaya yake son ji, wanda innarsa ta aiko daga Makka kafin ta rasu a can. Ya zaga gari, yaran zamani masu gyaran waya sun yi masa dariya, wai ya kai wa 'yan gwangwan.

"Wanga tiransista shi munka daɗe muna biɗa," in ji Tambari. "Gobe in Allah ya so ka ji muryat Inna."

Da La'asar aka shigar da Tambari gida riƙe da ƙirji. Ranar Alhamis aka kai shi makwanci.

Sai ga ɗansa Junaid daga Abuja, wanda rabonsa da uban tun sallar bara waccan. Injiniya ne, wai. Ya zauna kan tabarmar ta'aziyya kamar tana cizonsa, yana amsa waya fiye da amsa gaisuwa. Illo ya dube shi, ya ji takaici har wuya. Da allurar mitar tsohon aka yi wa yaron nan karatun da yake hura hanci da shi.

Ran addu'ar uku Junaid ya buɗe rumfar, ya toshe hanci da hankici. Illo na shigowa ya tarar ya juye gwangwanin tumatir a buhu, ya ɗaga na madara.

"Kai! Kak ka gama su!"

Ya riga ya juye.

"Baba Illo, duk shara ce. Yanzu wa ke gwada irin wannan?" Ya leƙa ya tabbatar jama'a na kallo, sannan ya miƙa masa buhun da mitar. "Sadaka ce, Allah ya kai ladan kabarinsa."

Injiniyan da bai san mai rai da matacce ba! Illo ya karɓa, ko na gode bai ce ba.

Washegari bai taɓa keke ba. Ya ajiye gwangwanayen biyu da ya tsinto a rumfar gefen rikodar, ya ɗauko ɗaya daga ɗaruruwan da ke buhun. Ƙafar tsakiya kaɗai ya sani. Ya ɗora wayoyin, allura ta ɗan yi rawa ta koma.

Ya daɗe riƙe da shi tsakanin gwangwanayen, bai san wanda zai jefa shi ciki ba.