Ɗigon Jan Farce

Duk gidan sun ɗauka tsoho ne yake ciyar da jikarsa. Shi kaɗai ya san ba haka zancen yake ba.

Tun da matarsa ta rasu, ɗansa direban bas ya kwaso shi da keken ɗinkinsa ya kawo shi hawa na uku, abinci ya daina yi masa ɗanɗano. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a shagon bakin titi, yana taka keke yana faɗa da masu zuwa karɓar ɗinki, yanzu sai ɗaki ɗaya kusa da banɗaki, da taga mai kallon ƙofar gidan da tankin ruwa. A kawo faranti ya tsakura, a zo a ɗauke.

Ita kuwa jikar, 'yar shekara biyar, cin abincinta yaƙi ne. Uwarta ta yi lallashi, ta yi barazana, ta bi ta da cokali har ƙarƙashin gado, duk a banza. Sai wata rana yarinyar ta leƙo ɗakin tsoho, ta dubi farantinsa, ta riƙe ƙugu ta ce, "Kaka, ba ka cinye ba."

"To, ga Sufeto ta zo bincike," in ji shi. Sunan ya bi ta ke nan.

Daga ranar aka kafa doka: faranti ɗaya, cokali biyu. Idan ya kai loma, sai ta ɗora 'yan yatsunta a maƙogwaronsa ta ce, "Haɗiye!" Ba ta ɗauke hannu sai ta ji abin ya wuce, don ta ce tsofaffi akwai wayo. Sannan shi ma ya ce, "Ranki ya daɗe, saura ke." Haka shinkafa take ƙarewa, haka burodi da shayi, har ƙwayar hawan jininsa da wannan "Haɗiye!" take wucewa. Uwar tana ta yi masa godiya wai ya iya da yara, shi kuma yana karɓa ba kunya.

Sai tari ya kama shi, irin mai naci, wanda ke sa mutum ya dafa bango. A asibiti aka karɓi majinarsa, likita ya ce kafin sakamako ya fito a ɗan yi hankali da yara. Iyakar abin da ya ce ke nan, yana rubutu ko kai bai ɗago ba.

To, amma maganar a kunnen surukarsa ta faɗa. Ita a ɗakin wankin wani asibiti take aiki, inda zanen gadon masu cuta mai yaɗuwa ake zuba shi a jar jaka, a jiƙa shi daban, a shanya shi daban, kuma ba a taɓa shi da hannu tsirara. Ban da haka, ɗanta na fari tari ne ya ɗauke shi tun bai fara tafiya ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Ba muguwa ba ce, kada wani ya ce muguwa ce. Tsoro ne ya yi mata yawa, aikinta kuma ya koya mata yadda ake yi da abin tsoro.

Da yammar nan ta ɗauko kwalbar jan farcenta, ta ɗiga a gindin kofinsa, da bakin farantinsa, da wutsiyar cokalinsa. Ta ware masa bokiti da ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta. Ta durƙusa a bakin ƙofa, hanci da baki a rufe, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, na ɗan lokaci ne. Duk abin da ke da ja naka ne, kada kowa ya taɓa."

"Har da Sufeto?"

"Musamman ita, Baba."

Aka ja ƙofa.

Ɗan lokacin nan ya yi ta miƙewa. Direba ya je karɓar sakamako aka ce na'ura ta lalace. Ya koma aka ce majinar ta daɗe, a kawo sabuwa. Shi kuma mutum ne da yake fita tun gari bai waye ba, ya dawo kafaɗa a sage, ya tsaya daga waje ya ce, "Baba, ya jiki?" Kafin tsoho ya gama tarin da zai ba shi damar amsawa, har ya wuce.

Sufeto dai ba ta san wata na'ura ba. Tana dawowa daga makaranta sai ta yar da jaka ta zauna a bakin ƙofar, ta zuro yatsu ta ƙasa tana motsa su.

"Kaka, ka ci?"

"Na ci, ranki ya daɗe."

"Ƙarya ne. Ban ji ba."

Gaskiyarta. Farantin mai ɗigon ja yana gefen keke, ƙuda na kai masa ziyara. Ƙwayoyin ma wata rana ya sha, wata rana ya manta, don babu mai tsare shi. Daga falo kuma yana jiyo yaƙin ya dawo sabo: ƙarar cokali a ƙasa, muryar uwa tana hawa, kuka, sannan shiru.

Da safe yakan tsaya a taga ya ga fitarta. Rigar makarantar nan shi ya ɗinka ta, shi ya auna kafaɗar da hannunsa, kuma idon tela ba ya mantuwa. Ya ga kafaɗar rigar ta fara zamowa, ya ga wuyan ya yi mata yawa. Abin ya tsaya masa a rai fiye da tarin.

Ranar da malamarsu ta aiko cewa yarinyar ta yanke jiki ta faɗi a layi, surukar ta zo ta durƙusa a bayan ƙofa. Bai ga fuskarta ba, amma ya ji muryar wadda ta sha kuka.

"Baba, ka taimake ni. Muddin tana jin muryarka ba za ta bar ƙofar nan ba, kuma ba za ta ci komai ba sai a farantinka. Jiya na kama ta tana lasar cokalinka a bokiti. Na binne ɗaya, Baba. Wallahi ba zan iya binne biyu ba."

"Me kike so in yi, 'yata?"

"Ka kore ta. Ni in na kore ta dawowa take yi. Kai ne ba ka taɓa yi mata tsawa ba."

Ya so ya ce mata a buɗe ƙofar kawai, ya zauna can ƙurya, yarinyar ta zauna nan, su ci suna kallon juna. Amma idan cutar ce fa? Wa zai ɗauki wannan alhakin? Mai cin abincin gidan wani, mai kwana a ɗakin da aka ba shi, bakinsa ba ya da nauyi. Ya ce to.

Washegari yatsun suka shigo ta ƙasan ƙofa kamar kullum.

"Kaka, ka ci?"

Ya juya wa ƙofar baya.

"Kaka, jiya na faɗi a makaranta, aka ba ni ruwa mai sukari."

"Tashi ki ba ni wuri."

Ta ƙyalƙyale da dariya, ta ɗauka sabon wasa ne. "Sufeto ba ta tashi sai an cinye!"

Nan ya gane ƙaramar tsawa ba za ta yi ba. Ya lalubi abin da zai fi yi mata zafi, kuma da yake ya san ta ciki da bai, bai sha wahalar samu ba.

"Na ce ki tafi! Ke kika sa mini ciwon nan. Kullum hannunki a wuyana, kullum cokalinki a farantina, ga shi kin sa ina tari. In kika ƙara zuwa mutuwa zan yi. So kike ki kashe ni?"

Yatsun suka tsaya cak. Suka ɗan jima a wurin, sannan suka janye a hankali. Bai ji kuka ba. Da ma ta yi kukan, da ya fi masa sauƙi. Ya zauna a kujerar keke ya kifa kai a kan ƙarfen, shi ya yi kukan a madadinta.

Dabara ta yi aiki, sai dai irin aikin da ake cewa garin neman ƙiba an samo rama. Sufeto ta daina zuwa ƙofa. Ta fara cin loma biyu-uku idan uwarta ta tsaya a kanta, tana taunawa kamar mai cin takarda. Ta daina surutu, ta koma fitsarin kwance da ta daɗe da bari. Idan za ta banɗaki sai ta manne da ɗaya bangon, ta toshe bakinta da hannu biyu har ta wuce ƙofarsa. Uwar ta ce ai ta fara hankali. Tsoho kuwa ƙafafunsa suka kumbura, wandonsa ya koma sai ya ɗaure da ƙyalle, kuma ya daina tsayawa a taga.

Da sakamako ya ga damar fitowa, direba ne ya hawo bene da gudu yana haki. Ba cuta mai yaɗuwa ba ce. Zuciya ce ta gaji take tara masa ruwa a ƙirji, kuma da likita ya ji halin da ake ciki ya yi faɗa, ya ce wa ya bar dattijo ba ci ba shan magani haka? Babu wanda ya maimaita tambayar a gida.

Surukar ta buɗe ƙofar har bango. Ta zauna da auduga tana goge jan farcen daga kofi da faranti da cokali, hawaye na ɗiga a kan hannunta, tana cewa, "Ka yafe ni, Baba." Ya ce babu komai, kuma har ransa bai riƙe ta ba. Ta zubo shinkafa a faranti ɗaya, ta sa cokali biyu, ta ƙwala kira.

"Zo ki ga Kaka! An buɗe, zo ku ci."

Yarinyar ta zo ta tsaya nesa da bakin ƙofa, hannu ɗaya a baya. Ya ga yadda ta koma, ita ma ta ga yadda ya koma.

"Ranki ya daɗe," in ji shi, yana ƙoƙarin murmushi, "an yi kwana da kwanaki ba a zo bincike ba. Shigo mana."

Ta girgiza kai.

"Wasa nake yi miki ran nan. Ƙarya na yi, ba ke ba ce. Tsofaffi akwai wayo, ba ke kika faɗa ba?"

"Ka rame," ta ce a hankali. "Na daina zuwa ma ka rame. In na shigo mutuwa za ka yi."

Ubanta ya ce, "Ke, wane irin shirme ne wannan?" Ya miƙa hannu zai jawo ta, ta ƙanƙame jikin bango ta saki ƙara, sai da ya sake ta. Abin da ke bayanta ya faɗo ya gangaro har gaban tsoho. Kofinta ne na roba. An shafe gindinsa da jan farce, shafin yara, ya zubo ta gefe ya bushe.

"Nawa ne," ta ce. "Kada kowa ya taɓa."

Magana zarar bunu ce, tsoho ya sani tun kafin a haifi uban yarinyar. Duk da haka ya ɗebi shinkafa ya kai baki, ya ɗaga haɓa ya miƙo mata wuyansa, yana jira. Ita kuma tana daga waje, ta toshe bakinta da hannu biyu don kada numfashinta ya kai gare shi.