Tauraro na Biyar

Shekara shida na yi ina gaida mutanen da ban taɓa ganin fuskarsu ba. Kullum da safe, kafin in ɗaga ƙofar shago, kafin ma in kurɓi shayi, sai na shiga Dandalin Masu Gyaran Firji na rubuta, "Barkanmu da safiya 'yan uwa." Ba wai ƙaunarsu ce ta yi min yawa ba. Dandalin ne yake ƙirga duk abin da mutum ya rubuta, ko ilimi ne ko shirme, kuma da yawan rubutu da daɗewa ake samun tauraro. Mai tauraro ɗaya Sabon Shiga ne, mai biyar Dattijo. Ni ina da huɗu, kuma a can sunana Filaya.

Mai ɗakina takan ce da ita nake gaisarwa haka kullum, da tuni ta ba ni tauraro goma. Nakan ce mata ba za ta gane ba. Sunayen Dattijai bakwai ne kawai ake jerawa a saman shafi, kuma nan masu otal da masu ɗakin sanyi suke dubawa in suna neman wanda zai yi musu aiki. Mu na ƙasa sai firjin gida mai warin albasa. To, ɗaya daga cikin bakwai ɗin ya bar sana'a, kujerarsa ta zama fili, aka ce ranar Asabar za a zaɓi wanda zai gaje shi. Mu biyu ne muke nema, kuma kowa ya san duk inda Ƙanƙara, babba a cikin Dattijan, ya karkata, nan sauran za su bi.

Ƙanƙara shi ne mutum na uku da ya yi rajista a dandalin tun da aka buɗe shi. Rubutunsa ya haura dubu arba'in, amma in ka tace, tara cikin goma "Madalla" ne da "Haka yake." Wani da ya san shi ido da ido ya taɓa raɗa min cewa rabonsa da riƙe sifana ya fi shekara goma, kayan waya yake sayarwa. Duk da haka in ya yi atishawa mutum ɗari ne za su danna masa babban yatsa, ni ma ina cikinsu.

Ranar Talata wani mai tauraro biyu, wanda yake kiran kansa Sabon Shago, ya kawo tambaya. An kawo masa firizar mai kifi tana zubar da gas, yana so ya cika bututun da iska ya gano inda take yoyo, amma ba shi da naitirojin, iskar da ake wannan gwajin da ita. Minti biyu ba a yi ba Ƙanƙara ya amsa: "Ka ari tukunyar oksijin wurin masu walda ka ɗura. Iska ai iska ce."

Ina tsugune bayan wani firji na karanta. Ko wanda ya yi wata uku a sana'ar nan ya san oksijin da man kwamfuresa, wato injin firjin, ba sa ga-maciji. In suka haɗu a matse, tukunyar fashewa take yi, kuma fuskar mai aikin ce a kusa. Na duba ƙasan amsar, babban yatsa talatin da ɗaya. Kai, mutane ba su da tsoron Allah. Na fara rubuta gyara, na tuna Asabar, na goge.

Can sai ga wani mai tauraro ɗaya, rubutunsa na farko ke nan a dandalin. Babu gaisuwa, babu ranka ya daɗe. Cewa ya yi, "Kada ka yarda. Wanda ya gaya maka haka bai san aiki ba. Ka jira naitirojin ko da kwana uku ne, kifi ya ruɓe ya fi a kwashe ka a tabarma."

Na danna ɗan hoton da ke jikin sunan. An ɗauko shi daga ƙasan haɓa, rabin fuska ne da farin gemu, a bayansa kuma ga allon da ake rataye sifanu. Ni na buga ƙusoshin allon nan da hannuna. Baba ne, maigidana, wanda na yi shekara takwas a ƙarƙashinsa har ya sallame ni. Ya haura saba'in. Ashe 'yarsa ce ta saya masa waya ta yi masa rajista, don ya rage zaman shiru.

Wallahi kamar an zuba wa kaji tsaba. Wani ya ce, "Yaro, ba a koya maka gaisuwa a gida ba?" Wani ya ce, "Jiya-jiya ka shigo har ka fara gyara wa Dattijo zama?" Wani kuma, wanda na tabbata Baba yana gyaran firji tun uwarsa ba ta yi aure ba, ya ce ya je ya yi rubutu ɗari tukuna kafin ya buɗe baki. Babu mutum ɗaya da ya yi maganar iskar. Shi kuwa Ƙanƙara sai da ya bari suka gaji, sannan ya fito da nutsuwa irin ta manya ya rubuta, "Ku yi masa haƙuri. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Daga nan ya ambaci sunana: "Filaya, kai da kake neman zama da mu, me ka gani?"

Na daɗe ina kallon wayar, har mai firjin da nake gyarawa ta tambaye ni ko lafiya. Ga abin da na rubuta, ba zan rage ko harafi ba: "Gaskiya ladabi shi ne gaba da komai. Ya kamata sababbi su yi haƙuri su koya daga na gaba." Na samu babban yatsa sittin, ban taɓa samun haka ba. Da yamma aka ɓoye rubutun Baba, aka dakatar da shi sai ya nemi gafara a Shafin Tuba, inda masu laifi suke ba da haƙuri a gaban kowa.

Don in samu in iya cin abinci, na bi Sabon Shago ta saƙon sirri na ce kada ya kuskura ya taɓa oksijin. Ya amso min da ladabinsa. Ya ce ya gode ƙwarai, firizar mai kifin ma an zo an ɗauke ta, amma in wata ta zo zai gwada shawarar Dattijo, don ya duba ya ga taurarin Dattijo biyar ne, nawa huɗu. Na ajiye wayar a kan benci na tofar da yawu. Ban san wa na tofa wa ba, shi ko ni.

Asabar ta zo, na ci zaɓe shida da babu. Gaisuwa ta yi ta shigowa kamar na sauke farali. Ƙanƙara ya tura min dokoki: sabon Dattijo zai yi wata uku ana duba halinsa, in ya saɓa wa na gaba da shi za a mayar da shi inda ya fito, kuma shi ne zai riƙa kula da Shafin Tuba. Mai ɗakina ta leƙa wayar ta ga ƙarin tauraron, ta ce, "To barka. Na cin tuwo ne ko na miya?"

Ranar Litinin da hantsi ina wanke kwandensar bayan wani firji sai inuwa ta tare min ƙofa. Baba ne da sandarsa, ya hau mota biyu kafin ya iso. Na yi tsalle na share masa kujera, na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi iyali, ya zagaya shagon da ido, ya ce har yanzu ban daina barin tukunyar gas a rana ba. Na tashi na jawo ta inuwa.

Sai ya zaro wayar daga aljihu, a naɗe cikin hankici.

"Taimako na zo nema," in ji shi. "Mutanen cikin abin nan sun ce sai na ba su haƙuri. Yatsuna ba sa kama haruffan, yarinyar kuma ta ce ita ba za ta rubuta ba."

"Baba, ka rabu da su mana. Me za ka yi da su?"

"Ba su nake ji ba. Maganar iskar nan tana nan ba a goge ba, tawa ce aka goge. Wani zai karanta ya gwada. In ban koma ciki ba, ta ina zan faɗa masa?"

Na karɓi wayar. Yana faɗa ina rubutawa: shi Sabon Shiga ne, bai san ƙa'ida ba, yana roƙon Dattijai da duk na gaba da shi su yafe masa rashin kunyar da ya yi. Mutumin da ya koya min yadda ake riƙe wutar walda, shi ne yake roƙon mai sayar da cajar waya gafara, kuma da yatsana. Tir da wannan rana. Da muka gama ya sa na karanta masa, ya gyaɗa kai, na tura.

Nan take wayar da ke aljihuna ta yi ƙara.

Na yi kamar ban ji ba. Baba ya dubi aljihun, ya dube ni.

"Ɗauko mana," ya ce. "Ai wurinka ya zo. Yarinyar ta nuna min, kai ne mai karɓar tuba yanzu."

Na zaro wayar, ga tubansa yana jirana.

"Ba faɗa na zo yi ba, ɗana. Ni ma na nemi abinci a zamanina. Ka karɓa kawai. In ka karɓa kuma, sai ka rubuta musu maganar iskar da sunanka, tunda taurarinka sun cika. Ni ko na koma ba za su ji tawa ba. In daga bakinka suka ji, ya ishe ni."

Na ce to, Baba. A gabansa na danna, tubansa ya karɓu. Ya naɗe wayarsa cikin hankici, ya ƙi yarda in kira masa mota, ya ce ƙafarsa tana bukatar motsi. Na raka shi har bakin titi ina riƙe masa sanda yana gyara takalmi.

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan. An kira ni aiki a otal biyu. Amsar Ƙanƙara tana nan, babban yatsanta ya kai ɗari da bakwai, shekaranjiya ma aka liƙa ta a shafin shawarwari na musamman. Na rubuta gyaran tun ranar da Baba ya zo, layi huɗu ne, yana ajiye a wayata ban tura ba. Nakan ce wa kaina wata uku ba nisa, saura kwana saba'in da bakwai. Baba yana shiga kullum, ina ganin ɗigon kore a jikin sunansa, amma bai sake rubuta komai ba. Na san abin da yake dubawa.