Sallamar Baffa Bube

"Taguwa da wando kaɗai za ka sa," in ji Hassana daga bakin zauren Mu'azu. "Idon Baffa ya tahi, inuwa kawai yaka gani. Ka yi mai Turancin nan da kat tahi Ikko kak koyo, ka ce kai na babban ohis, an sallame shi. Mi za shi rage ma?"

"Ba ni yi wa majinyaci ƙarya."

"Wallahi Malam, gaskiyarka nauyi gare ta."

Bube, mahaifin Hassana, katanga ɗaya ce tsakaninsa da Mu'azu. Tun yana saurayi ya ajiye kiwo, lokacin da ofishin hana zaizayar ƙasa ya dasa layin itatuwan dogon yaro da ciyawar jema a bakin kwazazzabon Kwargaba. Suka ɗauke shi gadi. Jami'in ofishin ya ce masa amana ce, kada ya tashi sai an zo an karɓe shi. Bube ya kori shanun baƙi, ya kori na ƙannensa, har dangi suka daina kiransa suna da biki. Daga baya motar ofis ta daina zuwa. Shi bai daina ba, sai da ciwo ya kwantar da shi.

Mu'azu ya shiga ya same shi a kan tabarma, ƙirjinsa na ƙugi.

"Mu'azu, kai kas san hanyoyinsu," in ji tsohon. "Ba a shiga rami da amana. Su zo su amshi abinsu."

"Zan kawo maka su, Baffa. Na gaske."

Ya hau babur. A Wurno aka ce ya gwada Rabah. A Rabah ya tarar da ɗakin ofishin cike da buhunan albasa, mai su ya ce ya tambayi mutanen Goronyo. A can wani tsohon masinja ya saurare shi yana ɓare goro.

"Anka haɗe su da gandun daji, anka raba, anka sake musu suna, anka kwashe su Sakkwato. Wanda yaɗ ɗauki masu gadi ya rasu tun ban yi hurhura ba. Kai da kay yi boko ba ka sani ba?"

Ya sani. Tun kafin ya tayar da babur ya sani. Ya dai fi son a ce ya nema.

A hanyar dawowa ya tsara abin da zai faɗa, jimla biyu gajeru, ya yi ta maimaita su cikin iska. Taguwar da Hassana ta ce ya sa tana ƙasan akwati, ko guga ba ta buƙata.

Bayan la'asar ya shigo unguwa. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Bube, takalma sun taru.

Hassana ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta tsaya a bayan zana, murya ƙasa-ƙasa.

"Duk babur ɗin da yaw wuce sai shi ce a tada shi zaune, baƙi sun iso. Shi miƙa hannu a gaisa. Tun azahar muna tada shi muna kwantarwa."

"Na je har Goronyo."

"Sannu da hanya," ta ce, ta koma ciki.

Liman ya leƙo yana neman wanda zai kama masa wanka. Ƙannen mamacin suna rugarsu, ba su iso ba tukuna. Aka ce ga maƙwabci.

Mu'azu ya durƙusa da buta. Liman ya ɗago hannun dama na Bube, tafin a buɗe, fatar kamar bawon itace. Ya riƙe shi yana jira.

"Zuba mana, Malam."

Mu'azu ya karkata butar. Ruwan ya cika tafin, ya bi tsakanin yatsu, ƙasa ta shanye.