Kwana Goma Sha Bakwai Bayan Yayyafi

Baba ya yi binne bana. Ya zuba geron iri a busasshiyar ƙasa tun kafin ruwa ya sauka, don ya riga kowa. Irin da ya rage mana ke nan bayan mun baro gonar daji mun dawo bakin Faskari. Aka yi yayyafi sau ɗaya, gero ya tsiro, ruwa ya ɗauke. Yau kwana goma sha bakwai.

Gide, abokina mai cajin waya, shi ya turo mini wani littafi a waya. Labarin duniya ne bayan shekara ɗari biyu: ruwan sama ya ƙare, wata injiniya ta tashi ceton mutane. Ya ce har Kankara maganarsa ake yi, kuma marubucin ma kimiyya ya karanta a jami'a.

Kuskurena, na gaya wa Baba. Shi a wurinsa ba a ɓata tawada a kan ƙarya. Duk abin da aka rubuta, an san shi ne.

"Karanta mini, Almu. Ƙila akwai dabara."

Kullum bayan la'asar muna gindin gawo a bakin gona, ina karantawa, yana kallon ganyen gero na nannaɗewa. Babi talatin injiniyar nan na ƙera wani abu a ɓoye. Baba ya ce rijiya ce. Na ce injin kiran hadari ne. Na san ƙage ne, amma ban tsallake ko layi ɗaya ba.

Jiya muka kai ƙarshe. Jirgi ne. Ta kwashi masu ilimi dubu suka tashi zuwa wata duniya mai koguna. Ta leƙo ta taga, ta yi hawaye, shi ke nan.

"To manoman hwa?" in ji Baba. "Mi suka yi?"

Na ja shafin sama, na ja ƙasa. "Bai faɗa ba, Baba."

"Duba dai da kyau. Kai da ka gama sakandare."

"Babu."

Ya tsuguna ya taɓa wani tsiro. Ya karye a hannunsa.

Da safe na je wurin Gide.

"Mutumina! Ka ga ƙarshen nan? Wallahi gayen ya iya!"

"Ara mini baro da jarkoki."

Rijiya da nisa. Kunya shida kawai zan iya shayarwa kafin rana ta take, gonar kuwa ta fi kunya ɗari. Na tarar da Baba yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana kafa kara a kan waɗanda za su sha.