Abin da Gilashi Ya Sha

A shekarun da kuɗin fetur ke ambaliya, gwamnatin soja ta sayo wa jami'a na'urar haske da zaren gilashi, aka danƙa wa Malam Junaidu, malamin fiziks, ɗaki guda. Burinsa ya harba ɗan dunƙulen haske cikin zaren, ya yi tafiya mai nisa siffarsa ba ta lalace ba. A takarda abin ya zauna daram. Sai dai gilashi ci yake yi: yana shan hasken kaɗan-kaɗan, dunƙulen ya baje ya mutu.

Wata takwas Junaidu yana faɗa da wannan asara, shi da gilashi kamar masu gaba. Shugaban sashe ya gaji, ya ce in ba a ga sakamako ran Alhamis ba, za a kwashe na'urar a kai wata jami'a. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don a kan na'urar ya ɗora duk ransa.

Ran Litinin ya gudu Dundaye, lambun kawunsa Na'Allah, wai ya huta. Ya tarar da tsohon yana jan jigo, ruwa na bin magudana har fangalin albasa na can ƙarshe. Da yake ɗan boko ba ya ganin aikin wani ya yi shiru, sai ya shawarce shi ya shafe magudanar da siminti, ƙasa ta daina shanye masa ruwa.

Na'Allah ko waiwayowa bai yi ba.

"Ɗana, ƙasa sai ta sha nata. Abin da tash sha, shi nika maidawa. In na ƙara, bakin magudana ya ɓalle. In na rage, albasar can ta mutu."

Junaidu ya tsaya yana kallon gugan jigon, yana sauka yana hawa a kan kari ɗaya. Kunya ta kama shi, sannan murna.

Kwana biyu yana sabon lissafi. Ya bar asarar a wurinta, ya sa ƙarin haske daidai da ita a kowane zango. A lissafin, dunƙulen ya ƙi mutuwa. Ko an takura shi, sai ya koma siffarsa da kansa.

Ran Alhamis shugaban sashe ya bi lissafin layi-layi, ya cire tabarau, ya ce takarda ce dai, na'ura ba ta yi magana ba tukuna.

"Ranka ya daɗe, a ba ni shekara guda."

Shugaban ya leƙa ta taga, ya ce wa direban babbar motar da ke jiran kwashe na'urar ya koma gareji.