Ranar da Aka Nuna Fim ɗin Saverio

Na daɗe ina kula da ƙungiyar masu kallon fim ta garinmu, a tsohon zauren ma'aikatan jirgin ƙasa da ke bayan tasha, amma ban taɓa ganin cikowa irin ta Lahadin da muka nuna fim ɗin Saverio ba. Har benci sai da aka aro daga shagon kofi na tsallaken titi.

Saverio ɗan garinmu ne, ma'aikacin jinya a gidan kula da tsofaffi. Duk ranakun hutunsa na bazarar bara a tsohuwar matsar man zaitun ta kakansa ya ƙarar da su, can ƙarƙashin ƙasa, shi da abokansa da kyamarar aro. Labarin fim ɗin na wani mai awon filaye ne da ya zo daga birni zai auna matsar don a sayar. Ya tarar da mai gadin wurin, soyayya ta shiga tsakaninsu, sai kuma aka fara tsintar gawawwakin maza a ramin mai, wani mai sanye da fuskar takarda yana bin mazan yana kashewa ɗaya bayan ɗaya.

Da hannuna na rubuta a jikin tallan cewa ba na yara ba ne, akwai jini, akwai tsiraici, kuma masoyan maza ne su biyu. Ina jin wannan rubutun ne ya cika mana zaure.

Saverio ya kawo fim ɗin da azahar, muka rufe tagogi da baƙin labule, sannan ya ce shi ba zai zauna ba.

"Goggo Nunzia, ina can shagon kofi. In kin ga an fara jifa, ki buga mini waya in kama hanyar birnin Brindisi."

Wadda na fi jin tsoro ita ce Addolorata, mahaifiyar Ettore, yaron da ya fito a mai gadi. Ta zauna a layin gaba da baƙar rigarta ta coci, jakarta a cinya.

Aka kashe fitila. Da farko dariya ake yi, domin kowa ya gane motar mai gidan burodi, ya gane karen lauya. Amma da mai awon ya fara sauka matakalar dutsen nan da fitilar hannu, ana jin ɗigar ruwa kawai, sai zauren ya yi tsit. Wata a bayana ta kama hannun kujerata tana kiran sunan waliyyinta. Da aka zo wurin da mazan biyu suka tuɓe a kan buhunan zaitun, wani magidanci da matarsa suka tashi suka fita, ƙofa ta yi ƙara. Sauran ba wanda ya motsa. Ban da fankar sama ba abin da ake ji, sai muryar Addolorata ta fito sarai:

"Wayyo, ku dubi haƙarƙarinsa!"

Dariyar da aka kwashe da ita ta sauke wa kowa nauyin da ke ƙirjinsa.

Al'adarmu ce in an gama kallo a kunna fitila a tattauna, kuma al'adar Malam Fiorenzo ce ya fara magana. Tsohon malamin tarihi ne, ba fim ɗin da ya taɓa tsira daga bakinsa. Ya miƙe ya gyara tabarau.

"Na ga sandan ɗaukar magana ya leƙo daga sama. Na ga gawa tana numfashi. Jinin kuma, jama'a, dafaffen ruwan inabi ne, har ƙudaje na gani a kai."

"Ai shi ya sa gawar ke lasar leɓe," in ji Gaetano mai kifi daga baya.

"Ban gama ba, Gaetano. Duk da haka, tun ina saurayi rabon da fim ya sa in ɗaga ƙafata daga ƙasa. Yaron nan ya san duhu. Ba ya nuna maka abin tsoro, barinka yake ka jira shi. Wannan ba a sayensa a kanti."

Na kalle shi da mamaki. Ban taɓa jin ya yabi wani abu da aka yi bayan rasuwar matarsa ba.

Gaetano ya ce shi matarsa ce ta janyo shi, kuma da aka zo wurin buhunan nan ƙasa ya yi ta kallo. "Amma fa gaskiya, daga baya na ɗago. Na ce a raina, ai waɗannan son juna suke yi da gaske. Da mai fuskar takardar nan ya biyo su, ji na yi kamar in shiga ciki in kwaɗa masa ƙugiyar kifi."

Na juya wurin Addolorata a hankali. "Ke fa, Yaya? Ɗanki ne."

"Ni na haife shi, ni na yi masa wanka, me za su nuna mini sabo?" Ta gyara riƙon jakarta. "Abin da ya ɓata mini rai, an wuni da yaro a rami ba a ba shi abinci ba. Amma kun ga lokacin da ya tsinci takalmin abokinsa a bakin ramin ya fashe da kuka? Haka ya yi ranar da ubansa ya rasu, haka bakinsa ya karkace. Ban san ya iya fito da shi gaban mutane ba."

Daga nan gardama ta koma kan wanda ya yi kisan, domin a ƙarshen fim ɗin fuskar takardar ta faɗi ƙasa amma ba a nuna mai ita ba. Gaetano ya rantse lauyan cikin fim ɗin ne, saboda shi ke son a sayar da wurin. Addolorata ta ce ƙanwar mai gadi ce, mace kaɗai ke iya ɗaure igiya tsaf haka. Malam Fiorenzo ya ce dukansu sun ɓata, garin ne gaba ɗaya ke sanye da fuskar, shi ya sa ba a nuna kowa ba. Murya ta hau murya har na buga tebur.

Sai na ga hannun Baba Oronzo a sama. Tsohon tela ne, ya haura tamanin, yana zuwa kullum amma ba ya magana. Duk garin an san ya yi rayuwarsa gida ɗaya da marigayi Vito, kuma duk garin "abokin aikinsa" ake cewa.

"Ni ban damu da wanda ya yi kisa ba," ya ce, yana dafe da sandarsa. "Na ga finafinai da yawa da aka sa irinmu a ciki. Ko dai mu ne ake kashewa, ko mu ne masu kisan. Yau ina zaune ina jiran a kashe ɗayansu, sai na ga sun hauro matakala su biyu da ransu, sun zauna a bakin ƙofa suna cin burodi da tumatir. Ɗaya ya share wa ɗaya baki da yatsa. Wannan na zo gani, ban ma san shi na zo gani ba."

Wannan ne karo na farko da ya ce "irinmu" a gaban jama'a. Sannan ya ƙara da cewa:

"Wurin buhunan kuwa, sun cika gaggawa. Yara ne, za su koya."

Zauren ya ɗauki tafi da dariya tare. Addolorata ta juya ta miƙa masa hannu ta saman kujera, ya kama.

Na aika Gaetano ya kamo Saverio. Ya shigo fuskarsa fari fat, da ya ji tafi sai ya tsaya a ƙofa yana waige, kamar da wani ake. Aka taso masa da tambaya: wane ne mai fuskar?

Ya sosa ƙeya. "Gaskiya, abokinmu Rocco ne ke sa ta. To, ana saura fitowa ta ƙarshe ya samu aiki a jirgin ruwa ya tafi. Ba mu da wanda ya kai tsayinsa, sai muka ajiye fuskar a ƙasa muka ɗauka haka nan. A rubuce dai lauya ne."

Gaetano ya daka tsalle yana bugun ƙirji. Malam Fiorenzo ya girgiza kai.

"Ɗana, kai ka yi fim, amma ba ka fahimce shi ba. Zauna in yi maka bayani."

"Lauyan da ko takalminsa bai iya ɗaurewa ba?" in ji Addolorata. "Ƙanwar ce. Kuma in za ku sake wani, ni zan riƙa kawo muku taliya, kada a ƙara nuna mini ɗa kamar busasshen kifi."

Kafin a watse aka tilasta mini sake nuna fim ɗin Lahadi mai zuwa, don waɗanda suka tsaya a waje da waɗanda ke son duba ɗaurin igiyar nan da kyau. Ina naɗe labule na ji Baba Oronzo yana gaya wa Saverio cewa rigar mai awon filayen ta yi masa yawa a kafaɗa, wanda ya ɗinka ta bai kyauta ba.

"A kasuwa muka saya, Baba."

"Na gani ai. Na gaba ka kawo mini yaran in auna su. Keken ɗinkina yana nan, idona ma da sauransa."

Saverio ya riƙe masa hannu suka sauka matakala a hankali, yana ba shi labarin fim na biyu, wanda yake son ɗauka a tsohuwar hasumiyar bakin teku in an ba shi hutu a watan Yuni.