Faifai Mai In'ina

Ran da aka ce kowa ya bar ƙauyukan bakin Komadugu, Malam Fannami ya fito da matarsa Aisa, da 'yarsu Zuhura, da akwatin ƙarfe cike da fayafayan kiɗa. Injin ban-ruwa ya bar shi a bakin kogi, tattasai ya bar shi shanye a rana. Abin haushin, rediyon da ke cin faifan ma an bar shi, don a ruɗewar wannan safiya shi ya ɗauka Aisa ta naɗe shi a tabarma, ita kuma ta ɗauka shi ya rataya. Sai da suka sauka Diffa, a ɗakin aro bayan tasha, suka dubi juna. Ga kiɗa akwati guda, babu abin da zai furta shi.

Fayafayan gado ne daga wani injiniya Bature da Fannami ya yi wa aikin gyaran injuna a wani proje na noman rani, shekaru da yawa da suka wuce. Kiɗan Turawa ne na dā, wanda babu ganga a ciki, babu mawaƙi mai kiran sunan kowa. Goge ne kamar ɗari ke kuka tare, su yi ƙasa-ƙasa har ka ce batir ya mutu, kana miƙa kunne su fashe maka da ƙara. Mutanen ƙauye sun yi masa dariya har suka gaji. Shi kuwa tunda ba ya iya karanta rubutun da ke jikin kwalayen, sai ya raɗa wa kowane faifai suna. Akwai Ambaliya, akwai Rigimar Kasuwa, akwai Raƙumi Ya Gaji. Amma wanda ya fi so shi ne Mai In'ina.

Ba da in'ina aka haifi faifan ba, Aisa ce ta sa masa. Madubinta ne ya fashe wata rana, ta ga abu mai ƙyalli a akwatin miji, ta ɗauka tana sa kwalli, ya suɓuce ya faɗa kan dutsen niƙa. Kwana biyu ba su yi magana ba. Tun daga nan, idan kiɗan ya kai inda goge ɗaya ke hawa shi kaɗai, sai ya maƙale: ni-ni-ni-ni, ba gaba ba baya. Maganinsa ɗaya ne, a bugi rediyon. Fannami kuwa makaniki ne mai tsari, ya ce hannun da ke gyaran inji ba ya dukan inji. Don haka kullum bayan la'asar, Aisa tana zaune tana tsintar tattasai ko tana dama kunu, sai ta miƙa ludayi ba tare da ta ko waiga ba, ta ƙwala wa rediyon ɗaya, ta ce, "Wuce mana, bawan Allah!" Gogen ya wuce. Shekara goma sha bakwai ana haka.

Aisa ta rasu a damina ta biyu da zuwansu Diffa. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Bayan an watse daga zaman makoki, Fannami ya shiga wani hali: ba ya son komai a duniya sai ya sake jin Mai In'ina. Ya zaga kasuwar Diffa rumfa-rumfa yana neman rediyo mai cin faifai. Masu kanti suka riƙa kiran maƙwabta su zo su ga tsohon da ya kwana a zamanin dā, don yanzu kowa waya ce da ɗan kati. Wani manomin shinkafa ma ya ce a ba shi fayafayan ya rataya a gona, wai ƙyallinsu na korar tsuntsaye. Har yau Fannami ba ya amsa gaisuwarsa.

Zuhura ta yi aure a nan Diffa. Mijinta Lurwanu yana aiki da wata ƙungiyar agaji, mutum ne mai kirki, sai dai ya yarda cewa duk abin da ba ya cikin waya to bai riga ya faru ba. Shi ya zo da magani.

"Baba, ka daina wahalar da ƙafarka," in ji Lurwanu. "Duk kiɗan duniya yana cikin rezo, wato intanet. Ka taɓa kawai, ya zo."

"Na wa ne?"

"Na kowa ne, Baba."

"To ba naka ba ne ke nan. In an ce a gudu gobe, me za ka ɗauka?"

"Ba a ɗaukarsa. Yana can sama yana jiranka duk inda ka sauka."

"Ni na ɗauko nawa a ka, tun daga bakin kogi."

"Ka ɗauko, Baba," Lurwanu ya sunkuyar da kai don ladabi, "amma shekara uku ba ka ji shi ba."

Maganar ta shiga. Washegari suka tafi tare. A unguwarsu rezo sai ya ga dama yake zuwa, don haka sai jikin katangar ofishin su Lurwanu, inda waya ke kamawa in ka tsaya kusa da kwata. Aka kafa wa tsoho kujera a nan. Lurwanu ya ɗauki hoton kwalin faifan, ya yi 'yan danne-dannensa, ya cusa wa surukinsa abin sauraro a kunne. Sai ga kiɗan. Shi ne, babu tantama, har ya fi na dā tsabta. Fannami ya lumshe ido, yatsunsa na motsi a kan gwiwa. Gogen nan ya fara hawa shi kaɗai, ya hau, ya hau, ya wuce sumul kamar bai taɓa sanin dutsen niƙa ba.

Fannami ya fizge abin daga kunnensa. "Wannan jabu ne."

"Jabu kuma, Baba?"

"Bai yi in'ina ba."

Lurwanu ya yi bayani a natse, cewa haka masu kiɗan suka buga shi tun asali, in'inar rauni ce a jikin faifai. Fannami ya ce to a sa wa na waya raunin. Lurwanu ya ce ba a iya yi wa rezo rauni. Suna cikin haka rezon ya ɗauke, kiɗan ya tsaya cak, wani ɗan zobe ya hau juyi a fuskar wayar. Lurwanu ya yi tsalle don murna, ya ce, "Ga shi nan, Baba, ya maƙale!" Tsoho ya dube shi da tausayi, ya ce suma daban, in'ina daban, kuma ba ma nan ne wurin ba. Ya ɗauki kujerarsa ya koma gida.

Zuhura ce ta gano mafita, ita ma ba da gangan ba. Ta je sayen ƙwai wurin Ishaku mai garaji. Tun da aka hana hawa babur a yankin, garajin Ishaku ya koma maƙabartar babura, shi kuma ya koma kiwon kaji. Kajin suna kwana cikin wata tsohuwar motar proje wadda babu inji, babu taya. Da Zuhura ta leƙa ɗaukar ƙwai a kujerar direba, sai ta ga wata 'yar tsaga a gaban motar, daidai faɗin faifai. Ishaku ya ce tabbas rediyon na nan da ransa, wuta kawai yake so.

Fannami bai jira kowa ba. Ya ari batirin mota wurin wani tsohon abokin aiki, ya ɗora a baro, ya lulluɓe da buhu saboda rana. Wayoyi ja da baƙi suna reto daga ƙarƙashin buhun. Ya ɗora akwatin ƙarfensa a sama, ya kama hanya bayan azahar, fuska a murtuke, yana ta motsa baki don yana rera kiɗan a ransa.

To, a Diffa ta waɗannan shekaru, mutum mai batir da wayoyi da akwatin ƙarfe, yana tafiya yana motsa baki, ba ya bukatar ya ce a ba shi hanya. Kada ka yi wa mutanen dariya da yawa, sun ga abin da suka gani. Mai shayi ya bar butarsa a wuta. Mai kifi ta kifar da tire. Wani mai wanki ya haura katangar da bai taɓa zaton zai iya haurawa ba. Fannami yana tafe yana mamakin yadda gari ya yi tarbiyya yau, babu mai tare wa tsoho hanya.

Labari ya kai wa Abatcha, shugaban 'yan sintirin unguwa, mutum mai usur da ƙaton ciki. Ya tattaro mutanensa, suka biyo baron daga nesa, nesa sosai. Kafin su iso garaji, Fannami ya kori kaji, sai wata kaza guda da ke kan ƙwai ta ƙi tashi. Ya zauna gefenta, ya duƙufa yana haɗa wayoyi. Abatcha ya laɓe bayan tarin babura ya ɗaga murya.

"Malam! Ka fito, hannu sama! Mi kake haɗawa a nan?"

"Ja da ja, baƙi da baƙi," in ji Fannami, bai ɗago ba. "Ku ɗan yi shiru, saura kaɗan ya tashi."

Wannan amsa ba ta kwantar wa kowa da hankali ba. Ishaku, da ya fito daga bayan gida bai san me ake ciki ba, ya ce ai kiɗa ne kawai. Lurwanu ya iso a guje yana haki, ya rantse surukinsa ne, kiɗa zai ji. Abatcha ya ce ya shekara hamsin a duniya bai taɓa ganin kiɗan da ake turowa a baro ba. Yana rufe baki motar ta haɗiye faifan, gogen nan ɗari suka fashe gaba ɗaya. 'Yan sintiri suka zube ƙasa rub da ciki. Abatcha ya hura usur, shi kansa bai san wa yake kira ba.

Da aka ɗan jima babu wanda ya mutu, sai kawuna suka fara ɗagowa. Kiɗan ya yi ƙasa, ya yi laushi. Abatcha ya karkaɗe riga, ya matso, ya leƙa ta taga, ya tambayi Ishaku a hankali yaushe gangar za ta shigo. Waɗanda suka gudu suka dawo ɗaya-ɗaya suka kewaye motar. Kazar ta gyara kwanciya. Fannami bai ga ko ɗayansu ba, yana bakin kogi, tattasai na shanye ja wur, ƙamshin kunu na tashi daga gefensa na dama.

Gogen ya fara hawa shi kaɗai. Ya hau, ya hau, sai ya maƙale. Ni-ni-ni-ni.

Fuskar tsohon ta washe. Ya jingina da kujera yana jira, kamar yadda ya saba. Ni-ni-ni-ni. Mutane suka fara duban juna. Ishaku ya ce, "Malam, ɗan buga shi mana." Lurwanu ya zura hannu ta taga zai danna maɓallin tsallakewa, Fannami ya riƙe wuyan hannunsa gam. Sai a lokacin ya gane abin da ya turo baro ya zo nema. Ba gogen ba ne, ba ma in'inar ba ce. Ya yi yawon kasuwa, ya ɓata wa suruki rai, ya watsa rabin gari, duk don ya kai wurin nan ya ji an miƙo ludayi daga damansa. A damansa kuwa kaza ce. Baƙin ciki ya taso masa irin wanda bai ji ba ko ran da aka kai Aisa, ya zauna riƙe da hannun Lurwanu, gogen yana ta in'ina.

Zuhura tana tsakar dama kunu aka gaya mata za a harbe ubanta a garajin Ishaku. Ta zo ba takalmi, ludayi a hannu, ta ture 'yan sintiri ta kutsa. Ta ga uban lafiya lau cikin kashin kaji, ta ga taron jama'a, ga kuma wannan ƙara da ta tashi tana ji tun tana rarrafe tana huda mata kunne. Haushi ya kama ta. Ba ta yi tunanin komai ba, hannunta ne kawai ya tafi, ta ƙwala wa gaban motar ɗaya.

"Wuce mana, bawan Allah!"

Gogen ya wuce. Ya ƙarasa hawansa, sauran suka tarbe shi. Zuhura ta tsaya tana duban ludayin, sai ta toshe baki da gefen mayafi. Fannami ya saki hannun Lurwanu, ya juya fuskarsa wajen ɗaya tagar, ya daɗe a haka.

Da kiɗan ya ƙare aka danna a fito da faifan, motar ta ƙi. Aka danna, aka lallaɓa, ta riƙe abinta. Ishaku ya ɗauko sukundireba zai ɓalle rediyon, Fannami ya ce kada wanda ya taɓa, a bar shi a nan, batirin ma a bar shi. Abatcha ya ce shi dai a riƙa sanar da shi kafin a turo baro. Lurwanu ya buɗe baki zai ce wani abu game da rezo, ya dubi matarsa, ya fasa.

Tsohon ya sauko, ya karkaɗe gashin kaji daga rigarsa, ya ɗora akwatinsa a baro, ya kama hanya. Har ya yi taku biyu ya tsaya, bai waiga ba.

"Zuhura, gobe bayan la'asar," ya ce. "Ki zo da ludayin."